Baƙin Hayaƙi a Bakin Bindiga: Tsokaci a Kan Ƙananan Jiragen Yaƙi na Kwaikwayo

A ƙasar Kauru, kamar sauran wuraren da ake noman dawa, da zarar an yi girbi an kwantar da kara, sai yara su buɗe tasu masana'antar. Su feƙe ɓawon kara, su yayyanka totuwa, su soka wannan cikin wancan, kafin la'asar an sami mota da tayoyinta, ko jirgin sama mai fukafukai da farfela. Waɗanda suka ɗan tasa sukan koma ga gwangwanin madara da waya da tsohon silifa, in kuma an yi sa'ar ragowar fenti a wurin mai fentin ƙofa, a shafa wa jirgin ya fito fes. Ba mu taɓa jin wanda ya tsaya tambayar halaccin wannan wasa ba, mu ma ba shi ne ya dame mu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda wasan ya kasance a hannun manya.

A Ingila da Amurka da Japan, haɗa ƙaramin jirgi na kwaikwayo ya daɗe da wuce yara, ya zama abin da dattawa masu furfura ke raba dare a kansa. Kamfanoni irin su Airfix da Tamiya suna sayar da jirgin a kwali, gunduwa-gunduwa na roba, mai saye ya haɗa da kansa. Kome a kan awo yake. Awon da ya fi shahara shi ne ɗaya bisa 72, wato abin da ya kai inci 72 a jikin jirgin gaske sai ya koma inci ɗaya. Jirgin yaƙin nan na Ingila mai suna Spitfire, wanda faɗin fukafukansa ya ɗara mita 11, idan aka rage shi haka bai cika taƙi guda ba. Bayan an manne gaɓoɓin da gam, an goge mahaɗarsu da samfefa, sai a yi shafen farko, a bi da launukan da sojoji suka yi wa jirgin domin ya saje da ƙasa ko da sararin sama, sannan a liƙa tambari da lambobi. A nan ne mai hankali zai ce aiki ya ƙare. To, ga gwanayen abin yanzu aka fara. Mutum zai ɗauki jirgin nan da ya sha wahala ya gyara tsaf, ya shiga ɓata shi da hannunsa. Ya sirka baƙin fenti har ya tsinke, ya bar shi ya bi tsagin ƙarfe ya kwanta kamar dauɗa. Ya dangwali fenti mai launin azurfa da guntun soso, ya ɗiɗɗiga a gindin fiffike, daidai inda takalmin matuƙi ke takawa in zai hau. Ya niƙa alli mai launi, ya ja shi da busasshen burushi daga bakin salansa zuwa baya, yadda iska ke kwantar da hayaƙi. Ya koɗar da bayan jirgin domin nan rana ke duka, ya bar cikinsa da ɗigon baƙin mai. Daga ƙarshe ya sa ɗan baƙi a bakin kowace bindiga.

Wannan mataki na ƙarshe, wato tsofar da sabon abu da gangan, shi ne muke so mu yi tsokaci a kansa. Me ya kamata mu kira mutumin da ya zana wa abu tabon da bai ji ba? Maƙaryaci ne, ko kuwa mai ba da shaida? In kuma shaida yake bayarwa, ya faɗe ta duka?

Tuhuma ta farko mai sauƙi ce, domin mun san irinta a kasuwa. Dillalin mota yakan kai tsohuwar mota wurin mai fenti, a cike ramukanta, a fesa mata sabon launi, a sayar wa wanda bai sani ba. Wannan ɓoye tsufa ke nan. Akwai kuma kishiyarsa, ita ma a nan kudancin Kaduna muke da babban misalinta. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a shekarun 1940 kuma Bernard Fagg ya gane cewa kayan wata daɗaɗɗiyar al'umma ne, daga baya sai darajar waɗannan kayayyaki ta yi ta hawa a kasuwannin Turai. Da kuɗi suka shigo, sai 'yan jabu suka biyo baya. A gina sabon kai, a gasa, a shafe shi da ƙasa, a ɓantare masa kunne. Wasu ma har sukan haɗa shi da guntayen tsohon yumɓu na gaske domin ya tsallake gwajin masana. Dillalin mota ya rage shekaru, ɗan jabu ya ƙara, amma duk algus ne, domin kowannensu ribarsa tana rataye ne a kan jahilcin mai saye.

Mai ƙaramin jirgi bai shiga wannan sahu ba, dalili kuwa shi ne babu wanda ya yaudara. Abin da bai cika taƙi ba, ba wanda zai ɗauka ya taɓa tashi sama. Ƙanƙantarsa ita ce tasa "ga ta nan, ga ta nanku". Idan kaka ta buɗe baki da wannan kalma, ta riga ta sanar da jikokinta cewa Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi a wani gari da za a iya zuwa ba, amma duk da haka abin da za ta faɗa game da haɗama da wayo gaskiya ne. Saboda haka muna ganin kalmar ƙarya ba ta hau wannan aiki ba. Hasali ma, idan aka ajiye jirage biyu, ɗaya yana sheƙi kamar yanzu ya fito daga masana'anta, ɗaya kuwa ya koɗe ya yi dauɗa, na biyun ne ya fi kusa da abin da ya faru, domin jirgin da ya je fagen fama ba ya komowa da sheƙinsa.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga girmama alamar aiki a jikin abu. Ƙotar fartanya da hannu ya goge har ta yi santsi, allon almajiri da ya yi duhu saboda yawan rubutu da wankewa, kantar da ke tafin hannun manomi, duk mukan karanta su kamar wasiƙa. Wanda ya ga sabon allo a hannun gardi ya san akwai magana. Wannan karatu ne mai tsofar da jirgi yake nema mu yi wa aikinsa. Kowane tabo da ya sa, magana ce yake yi: nan aka taka, nan rana ta doka, nan mai ya zuba. Da zarar kuwa mutum ya ce ga abin da ya faru, ya zama mai shaida, kuma hukuncin mai shaida ya hau kansa.

Bari mu gwada wannan shaida da jirgin da ya taɓa ratsa samaniyarmu. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano, a watan Nuwamba na 1925, na sojan saman Ingila ne guda uku da suka taso daga Masar. Wato tun ran farko jirgin soja muka fara gani. Shekara goma sha biyar bayan haka, da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe wa Ingila hanyar Bahar Rum, sai ta koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Ghana a yau. A can ake haɗa su, su taso ayari-ayari ta Ikko, su yada zango a Kano da Maiduguri, su bi ta Sudan har Masar. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Wanda yake son ya kwaikwayi jirgin Hurricane na wannan ayari yana da abin zanawa da yawa. Akwai matacin iska da aka ƙara a ƙarƙashin hancinsa saboda rairayi. Akwai farin fenti da akan shafa wajen wutsiyarsa domin a hango shi daga sama in ya faɗi a daji. Akwai ƙurar hunturu, wadda mu muka fi kowa sanin yadda take shiga kowace kafa. Idan gwani ya sa waɗannan duka daidai, masu kallo za su ce ya faɗi gaskiya, kuma ya faɗa.

Sai dai akwai wata gajiya da wannan yaƙi ya jawo wadda ba ta da wurin zama a kan fiffike. An tara kuɗi a lardunan Nijeriya domin saya wa Ingila jirage, har aka laƙaba wa runduna ta 91 ta sojan samanta sunan Nijeriya. Da Japan ta kame Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar talakawa ala tilas daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza, abin da tsofaffi ke kira diban gwamna. Lardin Zariya, wanda Kauru ke cikinsa a lokacin, yana cikin waɗanda aka ɗiba. Mutanen da suka saba da zafi aka kai su sanyin tsauni ba wadataccen abinci ba mayafi, da yawa ba su komo ba. Kuzar da suka tono ta bi jirgin ƙasa ta Kafancan zuwa bakin teku. Ba mu ɗora wa mai burushi laifin wannan ba, domin ba shi ya yi ba. Muna dai lura ne cewa sana'arsa ta ƙware wajen nuna wahalar ƙarfe, amma ba ta da launin da za ta nuna wahalar mutum da shi.

Wannan ma da sauƙi. Tuhuma mai nauyi tana wurin ɗan baƙin nan da ake sawa a bakin bindiga. Sauran tabban duka suna ba da labarin abin da aka yi wa jirgin ne, rana da ƙura da takalmi. Wannan kaɗai ne yake ba da labarin abin da jirgin ya yi wa wani. Bindiga ba ta yin baƙi sai ta yi harbi. Mai fenti, da ɗan jan burushi sau ɗaya, ya ce an harba, sannan ya yi shiru game da wanda aka harba. A gaban alƙali, shaidar da ya ce ya ga an zare wuƙa, ya ga jini a kaifinta, amma ya ce bai damu ya san wanda aka soka ba, ai ba za a sallame shi da yabo ba.

Yaƙin basasar ƙasarmu, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, shi ne inda wannan magana ta fi matsa mu. Rundunar sojan saman Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, ba ta da jiragen yaƙi na a zo a gani sa'ad da aka fara. A watan Agusta na 1967 aka sauke mata jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet a Kano, daga baya aka ƙaro masu jefa bam samfurin Ilyushin 28, Misirawa kuma suna cikin waɗanda suka fara tuƙa su. Waɗannan jirage suna da farin jini a wurin masu haɗa na kwaikwayo a ƙasashen waje, saboda tambarin kore da fari da kore baƙon abu ne a kan kantarsu. Amma jiragen tarayya sun jefa bam a kasuwanni, kamar yadda aka yi a Umuohiagu da Ozu Abam a watan Fabrairu na 1969, inda mafi yawan waɗanda suka mutu ba sojoji ba ne, masu saye da sayarwa ne. A ranar 5 ga Yuni na wannan shekara kuma MiG-17 ya harbo jirgin agaji na ƙungiyar Red Cross. Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa. Jan Zumbach, wani sojan haya ɗan asalin Folan, ya tuƙa wa Biyafara jirgin B-26 da aka zana wa bakin kifin shak mai haƙora a hanci, ya kai hari Makurɗi. Carl Gustaf von Rosen ɗan Suwidin ya kawo ƙananan jirage biyar a 1969, aka shafe su da koren fentin mota, aka ɗaura musu rokoki. Hancin nan mai haƙora abin sha'awa ne ƙwarai a kan tebur. Mun tabbata ba haka ya kasance ga wanda ya ji rugugin injinsa a kan rufin ɗakinsa ba.

A nan ne muka ga abin da ya ba mu mamaki. Jirgi mai sheƙi, wanda muka ce ya fi nisa da gaskiya, shi ne ya fi kuɓuta daga tuhuma, domin bai yi da'awar kome ba. Sura ce kawai ta wata na'ura, kamar hoton da ke cikin littafin makanikai. Wanda aka tsofar kuwa, da ya matso kusa da gaskiya sai ya ɗauko wa kansa bashi. Ya buɗe labari, ya kai shi tsakiya, ya tsaya a inda labarin ya daina daɗi.

Wani abin kuma shi ne wurin da mai kallo yake tsaye. Wanda ya ɗauki ƙaramin jirgi a tafin hannunsa, daga sama yake kallonsa. Yana ganin bayan fukafukai, yana leƙa kujerar matuƙi, yana juya shi yadda ya so. Wannan mazaunin mai iko ne, ko matuƙin kansa bai sami irinsa ba. Mafi yawan 'yan Adam da suka taɓa haɗuwa da jirgin yaƙi kuwa daga ƙasa suka gan shi, kuma ba su ga launi ba. Sojoji sun san haka sarai. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 a kan awon nan na ɗaya bisa 72, domin koya wa mayaƙa bambanta jirgin gida da na abokin gaba. Baƙi ƙirin aka ce a shafa musu, ba tambari ba ado, domin abin da mutum ke gani ke nan in ya ɗaga kai: inuwa mai fukafukai. Za mu iya cewa waɗannan baƙaƙen gumakan katako sun fi duk wani gwanin fenti faɗin gaskiyar jirgin yaƙi, in dai gaskiyar na ƙasa ake nufi.

Mutumin Kauru ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan bambanci, domin ƙasarsa ta san shi tun kafin a ƙera jirgi. Jirgin yaƙin ƙarni na sha tara shi ne doki. Har gobe idan aka yi hawan salla ko hawan daushe a Zariya, mukan cika hanya muna kallon 'yan lifidi da 'yan sulke da masu kwalkwali, muna jin daɗi, kuma abin ya cancanci kallo. Hawan nan shi ma kwaikwayon yaƙi ne, an wanke shi an yi masa ado. Amma Kauru gari ne da ya zauna ƙarƙashin Zazzau a tsakiyar al'ummu irin su Cawai da Surubu da Rumaya da Binawa, waɗanda kakannin da yawa daga cikinsu suka kafa gidaje a kan duwatsu, inda kofato ba ya hawa. Ba don son iska suka hau can ba. Jikan mahayi da jikan wanda ya hau dutse yau suna aji ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, wani lokaci ma jini ya gauraya har mutum ɗaya ya gaji duka biyun. Idan suka tsaya kallon doki ɗaya, ba lalle ne abu ɗaya suke gani ba. Ba muna cewa a daina hawa ba ne, Allah ya kiyaye. Muna cewa wanda ya san labarin sirdi kaɗai, rabin labarin ƙasarsa ya sani, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka zancen tarihi kawai muke yi. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi dazuzzukan Kaduna da Zamfara da Katsina, ƙauyawa da yawa sun yi addu'ar jin ƙarar jirgin soja, domin a gare su ita ce alamar an tuna da su. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya yi musun ta bai kwana a ƙauyen da ake jiran hari ba. Amma a watan Janairu na 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta Jihar Borno. A daren 3 ga Disamba 2023 kuma, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya saki bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi a nan Jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, sojoji kuma suka amsa cewa kuskure ne. Ƙara ɗaya ce take zama ceto ga wani ƙauye, ta zama makoki ga wani. Babu fentin da zai iya ɗaukar waɗannan ma'anoni biyu a lokaci guda.

Akwai wani ɗan abu da ya kamata mu ambata ko da a gurguje. Kwalayen nan sukan zo da ɗan mutum-mutumin matuƙi, amma gwanaye da yawa ba sa sa shi, domin yana rufe kujera da agogunan da suka sha wahalar fentawa. A wurinmu ma akwai wanda zai bar shi saboda wani dalili daban, tunda malamanmu sun sassauta a kan surar abin da ba shi da rai, sun tsananta a kan mai rai. Kowane ne dalilin, sakamakon ɗaya ne: ga jirgi ya yi harbi har bakin bindigarsa ya yi baƙi, amma kujera wayam. Babu wanda aka harba, babu kuma wanda ya harba. Ƙarfe ne kawai ya je yaƙi ya gaji ya komo. Da can wannan wasa ne na kan tebur. Abin da ya faru a Tudun Biri ya nuna cewa kujera marar kowa ta zama gaske, kuma tambayar wa ya harba ta ƙara wuyar amsawa.

Wani zai ce mun ɗauki gatari za mu kashe sauro. Ai wasa ne. Yaron da ke soka kara cikin totuwa ba kisa yake tunani ba, tashi sama yake tunani, kuma daga irinsa ake samun waɗanda ke shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda ita ma aka kafa a 1964. Dattijon da ke fenti a ɗakinsa kuwa wataƙila mahaifinsa ne ya tuƙa irin wannan jirgi bai komo ba, yana neman kusanci da shi ta hanyar da ya iya. Mun yarda da wannan duka. Sha'awar abin da aka ƙera da kyau ba laifi ba ce, kuma jirgin yaƙi, a faɗi gaskiya, yana cikin kyawawan abubuwan da hannun ɗan Adam ya ƙera, kamar yadda takobi yake da kyau. Wanda ya ce bai ga kyan ba, ko dai bai duba ba ko yana faɗa ne don a yabe shi. Hana yaro wasan jirgi kuma ba ya rage bam ko ɗaya a duniya.

Iyakar abin da muke riƙe da shi shi ne, akwai bambanci tsakanin yaron da dattijon. Yaro bai ce ga abin da ya faru ba. Jirginsa na kara ba shi da lamba, ba shi da runduna, ba shi da shekara. Dattijon kuwa ya zaɓi jirgi kaza, na runduna kaza, a wata kaza, ya bi hotuna da littattafai har ya gano irin koren da aka shafa masa da gefen da mai ya fi zuba. Mutumin da ya iya wannan bincike ba zai ce bai iya gano inda jirgin ya je ran nan ba. In bai sani ba, bai nema ba ne. A ganinmu wanda ya sa baƙi a bakin bindiga ya wajaba a kansa ya san inda ta nufa, ya kuma iya faɗa in an tambaye shi, ko da amsar za ta rage wa mai kallo jin daɗi. Wanda ba ya son wannan nauyi yana da mafita mai sauƙi, ya bar jirginsa da sheƙinsa.

Ta yaya za a nuna wannan sani a jikin aikin, nan ne muka ga wuya. Masu wannan sana'a sukan gina wa jirgin ɗan dandamali: filin sauka, gangunan mai, makanikai biyu suna duba inji, wani lokaci har da kare yana kwance a inuwar fiffike. Kullum kafin tashi ne, ko bayan an komo lafiya. Shin sai a ce su gina kasuwar Umuohiagu da rumfunanta a ƙone? Ba mu goyi bayan haka ba. Mayar da gawar mutane abin ado a kan kanta ya fi shirun muni, kuma hannun da ya saba neman kyau zai sa wa ƙonannen rumfa kyau ko bai yi niyya ba. Wataƙila abin da ya fi dacewa ƙarami ne, kamar 'yar takardar da akan ajiye a gaban jirgin, wadda aka saba rubuta sunansa da rundunarsa da shekararsa. Akwai sauran fili a kanta da zai ɗauki sunan gari. A gidan tarihin yaƙi da ke Umuahia an ajiye ragowar jiragen ɓangarorin biyu a fili ɗaya, ruwan sama yana dukansu shekara da shekaru, har tsatsar zama ta rufe tabon yaƙi. Can ma ƙarfen ba ya faɗin kome da kansa, sai abin da mai zagayawa da baƙi ya faɗa.

Tunda kuwa masu abin sun ce kome a kan awo yake, bari mu bi su da awon har ƙarshe. A kan ɗaya bisa 72, mutum mai matsakaicin tsawo bai wuce santimita biyu da rabi ba, kamar kwanson gyaɗa. Idan muka ɗauka jirgin ya saki kayansa daga nisan mita 1,000, to sai a rataye na kwaikwayon a sama da kusan mita 14, wajen ƙwanƙolin babbar bishiya, a watsa gyaɗar a gindinta. Daga can ƙasa ba a ganin ɓantarewar fenti a gindin fiffike, ba a ganin ɗigon mai, ba a ganin baƙin da ke bakin bindiga. Daga can sama kuma ba a bambanta kwanson da ke riƙe da bindiga da wanda ke goye da yaro.